Ra'in Sista Miriam

Farfesa Yelwa ya ture takardun gefe, ya cire tabarau.

"Dakta, wannan hular aro ce. Ba ta zauna a kan bincikenki ba."

Kunya ta kama Rumasa'u, don gaskiya ya faɗa. Wata shida tana bibiyar ɗaliban likitanci a asibitin koyarwa, har ta gano cewa waɗanda suka yi aiki a ɗakin yara sun fi kowa iya sa allurar ƙarin ruwa. Kwamitin bincike ya ce sai ta kawo ra'i, wato bayanin da zai nuna dalilin hakan. Ita kuwa baiwar Allah, jiya ta buɗe littafi, ta zaɓi ra'in da sunansa ya fi tsawo, ta liƙa a shafi na biyu.

"Kin ce awakin garken nan sun fi ƙiba," in ji Farfesa. "To me suke ci? Ƙarfe huɗu kwamiti zai rufe karɓar takardu. In kin rasa, sai baɗi."

Ta nufi ɗakin yara ranta a jagule. Tana shiga ta tarar da Sista Miriam, shugabar ma'aikatan jinya, ta tare hannun wani sabon ɗalibi da ya miƙa ga allura.

"Oga dokita, riƙe tire tukuna. Sati ɗaya kallo, sati ɗaya filasta. Allura sai idonka ya san jijiya."

Kauthar, ɗalibar da ta yi wata guda a ɗakin, ita ta sa wa wani yaro allurar, sau ɗaya tak, sauran ɗalibai suna leƙe.

Rumasa'u ta tsaya cak. Ta tuna babin da ta tsallake jiya saboda ya yi mata kama da zancen kowa: mai koyo daga gefe yake farawa cikin gwanaye, sannu a hankali ya matso tsakiya.

A teburin Sista ta sake rubutun, tana murmushi ita kaɗai. Uku da rabi ta gama, ta karanta wa Sista shafin.

"Au, sun rubuta shi a littafi?" in ji Miriam. "Ni shekara ashirin da biyu ina yi. Sun sa sunana?"

"Ba su sa ba, Sista."

Rumasa'u ta koma shafin farko, ta kai yatsa ƙarƙashin nata sunan, inda za ta ƙara na Sista.

"Yaya cikakken sunanki?"