Ɗalibar Dakta ta Hannun Dama

Auta tana jera kwalaben maganin tari a kantin maganin da take aiki, abokiyar aikinta ta miƙo mata waya.

"Wannan ba Babanku ba ne?"

Shi ne kuwa. Yana zaune a falon waje, inda ya shafe shekaru yana karantar da magidanta addini, bakinsa a ɗan karkace tun ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya yi. An tambaye shi yadda ake gyara sallah idan an yi mantuwa. Harshe ya sarƙe, ya faɗi na baya a gaba, ya tsaya yana lalube. A nan aka yanke bidiyon, sai ga wani saurayi mai farin gilashi yana murmushi.

"Ku ga irin waɗanda kuke durƙusa wa," in ji shi. "Ilimi yana cikin aljihunku, kuna zaman ƙasa a gaban tsofaffi."

Auta ta san shi kamar yunwar cikinta. A falon nan ya girma, kwano ɗaya ya ci da yayyenta. Da ya nemi izinin fara koyarwa, Baba ya ce masa ya dakata, bakinsa ya riga karatunsa sauri. Ya yi zuciya ya tafi. Ya yi wani kwas a intanet, aka turo masa satifiket, ya wayi gari sunansa Dakta. Ranar da ya dawo wai gaisuwa, ashe kyamarar wayarsa a kunne take. Auta tana wurin da kofin ruwa a hannu, ta ji da kunnenta Baba ya gyara maganar nan take. Wannan ɓangaren ne Dakta ya datse.

Bidiyon ya zagaye gari. Ɗalibai suka riƙa zamewa, wannan aiki ya yi masa yawa, wancan ƙafa ke ciwo. Baba ya sa aka naɗe dardumar falon, ya koma zaman ɗaki.

Yayyenta suka ce a je a fasa wa Dakta baki. Auta ta ce su bar mata shi.

Ta sayi sabon layi, ta shiga ajinsa na waya da sunan Mai Neman Sani. Kowane darasi ita ce ta farko, kowane rubutu sai ta yaba. Ba ta daɗe ba ta gano lagonsa: ya iya zuba abin da ya haddace, amma da an kawo masa matsala ta rayuwa, wadda ba ta zo daidai da ta kwas ba, sai ya ce zai yi bincike, shiru kake ji.

Sai ta fara ɗaukar tambayoyin tana kai wa Baba da safe, lokacin da take shafa masa man zafi a hannun da ya shanye.

"Baba, wata ce ta tambaye ni a kanti."

Yakan dube ta jim, sannan ya amsa a hankali, kalma bayan kalma. Ita kuma ta rubuta ta tura wa Dakta a keɓe: "Malam, ko wannan zai taimaka?" Ba ya ko canja waƙafi. Ya ɗora da sunansa, mutane su yi ta kabbara. Mabiya suka ninku. Ya naɗa ta mai kula da aji, yana kiranta ɗalibarsa ta hannun dama. Duk sanda ta karanta hakan, sai ta rubuta masa, "Allah Ya ƙara wa Malam basira."

Da ta ga ya miƙe ƙafa sosai, ta ba shi shawarar yin zaman tambaya da amsa kai tsaye, kowa yana kallo. Ya ɗan yi jim. Ta ce kada ya damu, ita za ta tace tambayoyin, ta riƙa turo masa amsa a ɗaya wayar.

Ranar Asabar bayan la'asar jama'a suka cika. Auta ta shimfiɗa dardumar falon waje, ta zauna kusa da kujerar Baba, wadda babu kowa a kanta. Ta buɗe wa wata mata layi, matar ta yi tambaya a kan mijinta da ya furta saki cikin zafin zazzaɓi. Dakta ya gyara gilashi, ya saci kallon ɗaya wayar. Ba komai. Ya yi dogon salati, ya sake kallo. Ya ce malamai sun yi saɓani, ya fara wata magana ya saki, ya kama wata. Ta buɗe wa na biyu, ta buɗe wa na uku. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sannan ta kunna tata kyamarar.

"Dakta, ka gane ɗakin nan?"

Ya buɗe baki, bai rufe ba.

"Ni ce Mai Neman Sani. Ni ce kuma Autar mai kujerar nan. Jama'a, duk amsar da kuka yaba a ajin nan daga bakin da ya yi wa dariya ta fito. In ƙarya nake, ga Dakta ga ku, ya amsa wa baiwar Allah tambayarta. Ni ba zan yanke komai ba."

Dakta ya kashe zaman. Amma mutane sun riga sun naɗi zaman, kafin magariba bidiyon ya fi na Baba yawo.

Ta shiga ɗakin Baba da murnarta ta kwashe labari ta faɗa masa. Fuskarsa ba ta saki ba.

"Tun farko na san tambayoyin nan ba na kanti ba ne," in ji shi. "Idon mai son sani daban, naki na mai wasa wuƙa ne. Na amsa ne saboda masu matsalar. Yanzu matar nan wa ya amsa mata?"

Washegari Auta ta nemo lambar matar ta haɗa ta da Baba, amma ba ta ce ta yi nadama ba, don ba ta yi ba.

Bayan 'yan makonni aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dakta ne, ya rame, idonsa a ƙasa. Ta so ta mayar da ƙofar a fuskarsa, sai muryar Baba ta fito daga ciki, a shigo da shi.

"Ina wuni, Auta," ya ce a hankali.

Ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda sai ya raɓa zai wuce.

"Shi ya yafe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni ban ce ba."

Ya dinga zuwa kullum bayan haka, yana zama can ƙarshen darduma, Baba ya mayar da shi littafin farko. Tsofaffin ɗalibai ma suka fara dawowa da kunyarsu. Auta tana kai wa kowa ruwa, ta tsallake shi. In Baba ya yi mata magana, sai ta ce kofunan ne suka ƙare.