Ginshiƙan Mubarak da Darbejiyar Uwani

Tun da Mubarak ya dawo daga karatu a Turai ya karɓi ragamar masana'antar jima ta mahaifinsa a Challawa, bai ga abin da ke neman gyara ba sai fuskar ofis. Warin fata yana nan, kwatar da ke malalo baƙin ruwa tana nan, shi kuwa gogan, ginshiƙai yake so, irin na mutanen Girka na da can.

Aka jera su farare ƙal, da tsaga-tsaga daga sama har ƙasa, kawunansu a nannaɗe kamar ƙahon rago. Ko tsinke ba sa ɗauke da shi. Cikinsu ma holoƙo ne, ado kawai.

Uwani mai abinci ba ruwanta da Girka. Darbejiyar bakin ƙofa ita ce rufin asirinta. A gindinta take sauke tukunyar shinkafa da wake tun Mubarak yana rarrafe, a nan ma'aikata suke miƙe ƙafa su ci in an fito hutun rana. Ranar da ta ga an shafa wa bishiyar jan fenti, ta gane alamar sara ce. Ta tare Mubarak a bakin mota, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, wai sare ta za a yi?"

"Baba, sai dai ku yi haƙuri, tana tare ginin ne. Kun san asalinsa kuwa? Rumawa ma a wajen Girkawa suka kwaikwaya. Manyan kotuna da bankunan duniya duk haka suke. Wanda ya hango daga titi dole ya san wurin nan ba na wasa ba ne."

"Su Girkawan a rana suke cin abinci?"

Ya yi dariya, ya ce tsohuwar nan akwai barkwanci, ya ɗage gilashi. Ba a rufa mako ba aka kwantar da bishiyar.

Uwani ta koma sana'a a ƙarƙashin wata 'yar lema mai karyayyen ƙarfe. Masu cin abincinta suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wata rumfa a hanyar Panshekara. Ba ta ga laifinsu ba, amma abin ya ci mata rai, don wasunsu ita ta ciyar da su tun suna sabbin zuwa daga ƙauye.

Da bazara ta kankama, sai ɗan Turai ya gano cewa kujerar motarsa tana ƙona shi in ya fito da azahar. Nan da nan aka kira masu walda. Suka kafa wata ƙatuwar rumfar kwano daidai kan kututturen darbejiyar, ta shafe ginshiƙan kaf. Daga titi ba ka hango komai sai kwano da bayan mota.

Uwani ta ga inuwa ta dawo, ta yi hamdala. Ta jawo tukunyarta can gefe inda ba za ta takura wa kowa ba. Ko murfi ba ta buɗe ba maigadi ya tsaya a kanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba, ku gafarce ni. Yallaɓai ya ce inuwar ta mota ce."