Bakin Dagar Iska

Bayan babban yaƙin Turai, masu duba yanayi na birnin Bergen suka fara jan layi a taswira, daidai inda iska mai sanyi ke karo da mai ɗumi. Suka aro sunan da sojoji ke faɗa suka laƙaba masa: bakin daga. Masunta suka yi ta dariya, wai malaman birni sun rasa yaƙi, sun koma haɗa gizagizai faɗa.

Torleiv bai yi dariya ba. Ci-rani ya je Kanada, aka kwashe shi zuwa ramukan yaƙi a Faransa, ya dawo tsibirinsu da kunne ɗaya da zuciya a kusa. Aikinsa ɗaga baƙar alamar hadari a matsayar jirage idan waya ta zo daga Bergen.

Ran nan, bayan an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye da ɗumi, iska ta kwanta, kifi ya cika mashigin teku har ruwa na tafasa. Waya ta ce bakin daga na biyu yana tafe kafin yamma. Torleiv ya ɗaga alama, ba wanda ya kalle ta. Tun kaka da kakanni, in ruwa ya ɗauke aka ji ɗumi a fuska, hadari ya wuce ke nan.

Ya iske ƙanensa Sjur yana loda taru a jirginsa tare da mutanensa uku. Ya ce masa ya san irin wannan shirun, shi ake yi kafin igwa ta buɗe baki.

"Yaya, yaƙin fa ya ƙare," in ji Sjur. "Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Tsoro ne ya kama Torleiv, shi kuwa tsoronsa da fushi yake fita. Ya zari gatari ya dinga saran cikin jirgin har ruwa ya ɓullo. Sjur ya dira a kansa, ya fasa masa baki, suka yi ta birgima cikin jini da ɓawon kifi. Torleiv ya samu sa'a ya danne hannun ƙanen a kan dutse, ya sauke masa ƙotar gatari. Kowa ya ji ƙarar ƙashin.

Mutanen Sjur uku ba su iya zama suna kallon kifi yana wucewa ba. Suka faɗa jirgin maƙwabcinsu Eilif, jirgin da dama a cike yake.

Da rana ta karkata iska ta juyo daga arewa da ƙanƙara, teku ya miƙe tsaye. Sauran jiragen suka sha da ƙyar. Na Eilif, da nauyin kifi da na baƙi, igiyar ruwa ta kifar da shi a idon mutanen gari, ta maka shi da duwatsu. Ba wanda ya fito.

Sjur yana tsaye a gaɓa, hannu ɗaure da katako. Torleiv ya matso kusa da shi.

"Ni ka cece ni, Yaya," in ji Sjur, bai ko juyo ba. "Da ba ka fasa jirgina ba, da ya ɗauke su lafiya. Je ka gaya wa matansu."