Ranar da Auta Ya Sha Gaban Yaya

Tun da suka mallaki keke, Auta bai taɓa shan gaban yayansa a kan hanya ba. Ƙa'ida ce ta gidansu, wadda mahaifinsu ya dasa musu tun suna yara: idan 'yan'uwa suka fita tafiya, babba ne a gaba, ƙarami ya bi sawu, ba ya wucewa, ba ya kuma gyara wa na gaba hanya. Haka mahaifin ya yi da nasa wan, haka su ma suka tashi suka tarar, kuma ba wanda ya taɓa ganin dalilin sakewa. Yanzu Auta ya haura saba'in, tela ne da ya daɗe da barin shago, yana da jikoki har da tattaɓa-kunne, amma sunan bai sake shi ba, matsayin ma haka.

Yaya kuwa tsohon mai raba wasiƙu ne. Duk ƙuruciyarsa a kan keke ta ƙare, tsakanin ƙauyukan da ke jere a bakin kogi. Bayan ya ajiye aiki sai ya mayar da zagayen ya zama ziyara. Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke, su biyu za su ɗaure tabarma da buta da famfo a bayan kekunansu, su yi kwanaki suna bin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da ba tudu ko ɗaya, suna sauka inda aka san su. Tun rasuwar matar Yaya, wannan tafiya ce kawai yake ambato da fara'a.

A bana, da safen da za su tashi, babban ɗan Yaya ya ja Auta gefe.

"Baffa, likita ya ce yanar ido ta rufe wa Baba gani. Na yi na yi ya haƙura da tafiyar nan, ya ce ba ni na haife shi ba. Don Allah ka sa ido. In ka ga abin da ba daidai ba, ka faɗa mini. Da ya dawo zan ɗauke keken, ko zai yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarsa."

"Idonsa garau yake," in ji Auta. "Ku yaran yanzu kun cika tsoro."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, domin a gida bai ga komai ba. A hanya ya fara gani. Suna ratsa gonakin shinkafa, Yaya ya rage gudu, ya ɗaga hannu, ya yi sallama da babbar murya, ya tambayi gajiya da iyali. Wanda ake gaisarwa bai amsa ba, domin mutum-mutumi ne da aka kafa don korar tsuntsaye, sanye da tsohuwar riga.

"Ka ga mutanen yanzu ko?" Yaya ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "A da ubansa har ruwa yake kawo mini."

"Wataƙila bai ji ba, Yaya."

"Kai kullum sai ka nema wa mutane uzuri. Taka feda, malalaci, ina jin numfashinka kamar na tsohuwar akuya."

Auta ya yi dariya yadda ya saba. Daga nan ya shiga lura. Ya ga Yaya ba ya kauce wa rami sai taya ta faɗa. Ya ga yana karkata kai gefe ɗaya yana sauraro kafin ya sha kwana. A ƙauyen masunta da suka kwana, mutane suka fito tarbarsu, Yaya bai kira sunan kowa ba sai da mutum ya fara magana. Ashe da tsohon sani yake tuƙi. Hanyar tana cikin kansa yadda ya bar ta shekarun baya, kuma muddin ba ta sake ba, ba mai gane komai. Auta ya ƙudura a ransa zai yi shiru, su gama zagayen, ya koma ya ce wa yaron lafiya lau.

Washegari da hantsi suka hau jingar da aka tara don tare ambaliya. Siririyar hanya ce, kogi a dama, gonaki a hagu. Yaya yana tafe cikin nishaɗi, yana ba da labarin shekarar da ya bi nan da buhun wasiƙu a ka saboda ruwa. Auta ya ɗaga kai ya hanga gaba. Ruwan bana ya cinye jingar. Hanyar ta yanke ɗif, ƙasa ta rufta, ba komai bayan nan sai rami mai zurfi da ruwa yana gudu a ƙasansa. An kafa wani reshe a tsakiyar hanya don gargaɗi, Yaya ya goge shi da gwiwa ya wuce yana ci gaba da labari.

"Yaya!" Auta ya kira.

"Bari in ƙarasa mana. Ba a katse babba."

Abin da ya kamata ya ce shi ne "tsaya", amma bakinsa bai taɓa furta wa Yaya wannan kalma ba, sai ta ƙi fita. Ƙafafunsa ne suka yi abin da baki ya kasa. Ya miƙe a kan feda, ya kutsa ta ɗan gefen da ya rage, kafaɗarsa ta gogi ta Yaya, ya sha gabansa, ya gicciya kekensa a hanya. Suka yi karo, suka zube tare a kan turɓaya, tayar baya tana ta juyawa a sama.

Yaya ya tashi zaune, hularsa ta faɗi. Ya daka wa Auta tsawa.

"Ka wuce ni? Kai? Tun Baba yana da rai ba a taɓa yin haka ba. Ko ka haukace ne?"

Auta ya matso kusa. Ya kama hannun wansa, ya ja shi a hankali da rarrafe, ya ɗora tafin a inda ƙasa ta ƙare. Yaya ya laluba. Ɓurɓushin ƙasa ya zube daga ƙarƙashin yatsunsa, suka ji faɗawarsa cikin ruwa. Ya daɗe a durƙushe, hannunsa a bakin ramin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun jiya, Yaya. Wanda ka gaisar a gonar shinkafa, ba mutum ba ne."

Yaya ya yi wata 'yar gajeriyar dariya. "Shi ya sa. Na ce tarbiyya ba ta lalace har haka ba."

Suka kakkaɓe jikinsu, Auta ya miƙar da kan keken da ya karkace, ya mayar da sarƙa. Suka juya suka gangaro daga jingar. Da suka iso ƙasa, Yaya ya tsaya, ya riƙe birki.

"To, shiga gaba."

"Haba Yaya."

"Na ce ka shiga gaba. Ko wannan ma sai ka yi mini gardama?"

Auta ya shiga gaba. Sarari ya buɗe masa fetal, gonaki har iyakar gani, ba farar rigar Yaya da ya saba kallo a gabansa. Ba su yi nisa ba suka iso inda hanya ta rabu uku, duk iri ɗaya, ba bishiya, ba alama. Auta ya sa ƙafa a ƙasa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Fiye da shekara ashirin yana bin wannan ƙasa, amma bayan Yaya kawai ya sani.

"Me ya faru kuma?"

"Ban san hanya ba, Yaya."

"A'a! Duk shekarun nan me kake kallo?"

"Kai."

Iska tana kaɗa shinkafa, can nesa wani mai fito yana kiran fasinja.

"Ta tsakiya ce," Yaya ya ce daga baya, a hankali. "In ba ita ma ruwa ya ci ba. Ni ban sani ba, Auta. Da wadda na sani nake magana."

"Sai ka riƙa faɗa mini daga baya, ni kuma in riƙa gani. Mu ƙarasa. Ba zan gaya wa yaron nan komai ba, wallahi."

"Ka yi ƙarya da furfura saboda ni? Badi kuma fa? In kai mu rami na biyu, a ce Auta ya sani ya ɓoye?" Ya sauko daga keken, ya kwantar da shi a gefen hanya, ya zauna a kan tabarmar da ke ɗaure ba tare da ya kwance ta ba. "Kana da wayar nan a aljihu? Kira shi ya zo da mota."

Auta ya fito da wayar. Ya lalubo lambar ɗan Yaya, ya danna. Da ta fara ƙara, Yaya ya miƙo hannu, ɗan nesa da inda wayar take.

"Ba ni nan. Ni zan faɗa masa da bakina."