Jar Masarar Ɗakin Karatu

Alhaji Maitama ne ya kashe Ladidi. Bai riƙe wuƙa ba, bai ɗaga sanda ba, wataƙila ko kamannin yarinyar bai sani ba. Makulli kawai ya karɓe daga hannun wani ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Masu cewa ƙaddara ce su riƙe wa'azinsu, mu ma mun san Allah, ba a bakinsu muka fara jin sunansa ba. Ga yadda aka yi.

A Tudun Sada, kan hanyar da ta tashi daga Malumfashi ta nufi Kafur, akwai ɗakin karatu na jama'a a gefen kasuwa. Tun zamanin En'e aka gina shi, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da kantocin littattafai da bencuna da akwatin rediyo. Malam Aƙilu ke kula da shi. Litinin manoma ke taruwa su ji shirin gona, Asabar ta 'yan makaranta ce, Alhamis bayan la'asar kuwa ta mata. In ranar ta zo sai Malam Aƙilu ya ɗauki buzunsa ya koma gindin darbejiya, ya bar ɗakin ga tsofaffi da zawarawa da duk matar da mijinta ya yarje mata. Mai karanta musu ita ce Kudirat, 'yar wani Bayarabe mai sayar da kwanoni. A garin aka haife ta, ta yi makaranta a Funtua, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasu Hausawan gishiri.

Tsohuwa ba ta taɓa fashin Alhamis ba. Sunan kakarta ta ci tun tana zanen goyo, ga shi shekaru sun zo sun cika mata sunan. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ba a karanta abu ya wuce ta. Takan zauna jikin taga da mazari da auduga, tana kaɗi tana musu da takarda kamar mutum. A nan ta ji yadda kurkunu ke shiga jiki, ta koma tace ruwa da ƙyalle. A nan aka karanta musu zancen gwangwanin maganin feshin auduga, wanda rabin matan garin ke zuba man gyaɗa a ciki.

"Nawa na wanke shi da toka," in ji Tsohuwa.

"Takarda ta ce ko an wanke, Inna. Magani ba ya wankuwa."

"Ita takardar ta taɓa wanke-wanke?"

Aka yi dariya. Amma kafin magariba ta haƙa rami bayan danga ta binne gwangwanin. Haka take, sai ta gama gardama sannan ta yi aiki da abin da ta ji.

Ladidi jikarta ce, 'yar ɗanta Manu, shekararta bakwai. Uwarta Asma'u ba ta fita, saboda haka yarinyar ce ke bin kakarta, ta kwaso labari ta kai gida, ta ƙara masa gishiri a hanya. Bakinta ba ya hutawa. Takan ce Tsohuwa ta fi jaridar surutu, ga shi ba haƙoran da za su tare maganar. Tsohuwa ta ce da ita marar kunya, gobe a gida za ta bar ta. Goben ba ta taɓa zuwa ba.

* * *

Shekarar da damina ta yanke da wuri, hatsi ya bushe a tsaye, ita ce ta kawo Alhaji Maitama bakin ɗakin karatu. Dillalin auduga ne, ya taɓa yin kansila, sai ga shi an ba shi rabon takin zamani da irin shuka na gundumar. Ya zo da mota, ya ɗaga kai ya dubi kwano, ya ce rufin na bukatar gyara, a rufe tukuna. Ko ɗigo ɗakin bai taɓa yi ba. Malam Aƙilu ya yi ƙoƙarin magana, sati bai cika ba aka mai da shi Bakori.

Alhamis ta zo, mata suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Tsohuwa ta tari Alhaji yana fitowa masallaci, ta tambaye shi yaushe za a buɗe.

"Baba, ana yunwa kina zancen jarida?" Ya yi murmushi ya dubi mutanensa. "Tuƙa ta za ku yi?"

Kafinta bai taɓa hawa kwanon nan ba. Abin da aka gani shi ne akori-kura tana sauke buhuna, ana jibge su inda bencuna suke. Littattafai aka ture lungu guda. Matan suka yi ta cewa a taru a wani gida, to amma jarida da takardu ɗakin ake kawo su, ɗakin kuwa yana kulle. Zama ya watse.

Da bazara ta yi nisa, rumbuna suka koma fayau. A gidan Manu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Sai ga masara ta ɓullo kasuwa a hannun yaran Alhaji, mai araha, ƙwayarta manya, jikinta da ja-ja kamar an shafa mata lalle. Irin shuka ne da aka aiko a raba wa manoma, an cakuɗa shi da maganin ƙwari don kada gara da tsuntsu su ci shi a ƙasa. Sabon abu ne a lokacin, mutanen Tudun Sada ba su taɓa ganinsa ba. Aka juye shi daga buhunansa masu rubutu aka zuba a tsofaffin buhuna. Duk wadda ta tambaya sai a ce da ita masarar gwamnati ce, alama aka sa mata don kada a sace, a wanke kawai.

Tsohuwa ta sayar da zarenta ta auno. Ta kai bakin rijiya ta yi ta wanki tana zubarwa, har ruwa ya daina ja, ya fito garau. Abin da ruwa ya wanke ai ya tsarkaka, haka ta taso ta ji. Da ɗan Adam ɗaya ya ce mata magani ne, da ba ta kai shi turmi ba, don ta san magani ba ya wankuwa. Ɗakin nan ne ya koya mata.

Ta surfa, ta kai inji, Asma'u ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Aka raba malmala. Ladidi ta cinye tata tas, ta lashe hannu, ta zuba wa akushin kakarta ido.

"Ke ba ki da haƙori, me za ki yi da tuwo?"

"Tuwo da haƙori ake cinsa, sarkin kwaɗayi?"

Tsohuwa ta gutsiri loma ɗaya don kada a ce ba ta ci ba, ta tura mata akushin. Ta ce ita ta ƙoshi da goro. Wace kaka ce ba ta taɓa yin wannan ƙaryar ba?

Kafin la'asar gidan ya rikice. Manu da Asma'u suna amai, kansu na juyawa. Ladidi kuwa jikinta ya kama karkarwa, kumfa na fita a bakinta, idonta ya kafe. Tsohuwa ta goya ta, ita da rabonta da goyo tun Manu na yaro, ta nufi ɗakin shan magani da gudun tsufa. Tana jin ɗumin yarinyar a bayanta, tana kiran sunanta, tana yi mata faɗa ta daina wannan wasa. A kan gadon Malam Ambrose, malamin asibitin, yarinyar ta cika. Manyan sun tashi. Ladidi ce ta ci rabo biyu.

Malam Ambrose ya ce a kawo masa abin da aka ci. Da ya ga ragowar masarar da ba a wanke ba, ya juya ta a tafin hannunsa, ya dubi Tsohuwa.

"Mama, wannan ba abinci ba ne. An aiko takarda a kansa tun kafin bazara, da Hausa, har da hoto. Kowane ɗakin karatu an kai. Ba a karanta muku ba?"

Wa zai karanta? A ina?

* * *

Ranar sadakar bakwai Alhaji Maitama ya aiko da gaisuwa, da buhun gero. A lokacin jar masara ta ɓace daga kasuwa kamar ba a taɓa yin ta ba, gidaje da yawa sun yi jinya sun yi shiru. Tsohuwa ta sa aka ɗora mata geron a amalanke, ta bi shi da ƙafa har ƙofar gidan Alhaji, ta sa aka sauke a gaban 'yan zaman fadarsa. Ta ce a gaya masa ba sayar da yarinyar ta yi ba.

Manu ya same ta a ɗaki ya durƙusa. Ramammen mutum, har yanzu bai gama murmurewa ba. Ya ce ta yi wa Allah ta bar maganar. Damina ta kusa, taki a hannun Alhaji yake, in ya cire sunan mutum shi ke nan. Asma'u tana da ciki, su ma bakin da za a ciyar ne.

"'Yarka ce fa, Manu."

"Na sani, Inna. Ni na sa ta a rami."

Tsoron talaka ba laifinsa ba ne, amma da shi ake gina bene.

Ta je wurin dagaci. Ya saurare ta, ya yi mata ta'aziyya mai kyau, ya ce kowa da kwanansa, kuma wa ya ga Alhaji da mudu a hannu? Ta ci kwalta har Malumfashi, ta yini a barandar ofis, wani akawu ya ce ta kawo ƙorafinta a rubuce. A rubuce! Sun rufe inda ake karanta mata, sannan su ce ta rubuto. Liman ma ya aiko a ce mata haƙuri shi ne maganin zaman duniya. Haƙuri dai, haƙuri. Ba wanda ya aika wa Alhaji Maitama ya ce masa komai.

Abin da ke cinta a rai ba ta gaya wa kowa ba. In ta zauna sai ta ga hannunta yana tura akushi. Da ta ci rabonta, da ƙila su biyun sun yi amai sun tashi, ko kuma ita ta tafi, wadda ta riga ta gama cin duniyarta. Hannun nan ya auno, ya wanke, ya surfa. Takan dube shi kamar na wani. To amma ta san iyakar laifinta: ta ciyar da jikarta. Wanda ya san abin da ke cikin buhu ya juye shi, wanda ya kulle bakin da zai faɗa, shi ne ke yawo a mota.

* * *

Wata Alhamis bayan la'asar ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin karatu, ƙarƙashin kwaɗon. Ta aika wa matan, ba wadda ta zo, mazansu na jiran taki. Kudirat kaɗai ta rufe shago ta iso, duk da ubanta ya gargaɗe ta cewa su baƙi ne, kada ta sa baki a rigimar 'yan gari.

"A nan aka binne cibiyata," in ji ta. "Ni ce na koya wa Ladidi baƙaƙen sunanta."

Gilashin taga ɗaya ya fashe, tagar da Tsohuwa ke zama. Suka leƙa. Warin taki ya buge su. Gara ta ci kantocin ta hau littattafai. A bakin tagar daga ciki ga wani ƙunshin takardu, ɗaure da igiya yadda ya zo, an tokare buhu da shi don kada ya zame. Tsohuwa ta zura hannu ta fisgo ɗaya, gilas ya yanke ta, ba ta kula ba. Hoton masara ne ja, da hoton tukunya an ja mata layi.

"Karanta min."

"Inna, me zai ƙara miki?"

"Alhamis ce. Karanta."

Kudirat ta gyara murya kamar ɗakin cike yake. Ta karanta cewa wannan iri na shuka ne kaɗai. Jan da ke jikinsa guba ce. Kada mutum ya ci, kada a ba dabba. Ko an wanke, gubar tana nan. A sanar da mata musamman, don su ne masu girki.

Ta sauke takardar.

"Ci gaba," in ji Tsohuwa.

"Shi ke nan, Inna."

"Shi ke nan duka?"

Ko zare kamu ɗaya ba za ta kaɗa ba kafin a gama karanta ta. Wannan karon ba ta yi musu da takarda ba. Ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zanenta inda take ƙulle goro.

A dokin ƙofa akwai jajayen ƙwayoyi da suka zube wajen kwashe buhuna. Wata kaza ta taho da 'yan tsakinta tana tono. Tsohuwa ta kore su, ta durƙusa ta tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta tona rami da yatsunta ta binne, ta daddanne ƙasar da tafin hannu, yadda ake lallaɓa bayan yaro ya yi barci. Sannan ta koma kan tabarma ta fuskanci hanya.

Har yau duk Alhamis tana wurin. Motar Alhaji takan wuce, gilas a rufe. Rufin dai ba a gyara ba, don bai taɓa lalacewa ba.

Alhaji Maitama, makullin yana aljihunka. Ka tsayar da motar nan, ka sauko, ka tsaya gaban tsohuwar nan a idon kasuwa, ka gaya mata wanda ya juye buhunan. Tana jira, mu ma muna jira.