Shayi a Ɗakin Oumaima

Su uku ne a gidan: Malam Boukari, mutumin Damagaram mai aikin lodin kaya a wani sito da ke Wendover, can ƙasar waje, da matarsa Fassouma mai kitso, da 'yarsu Oumaima, 'yar shekara tara. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, har tsohuwar mota suna da ita. Ɗumi kawai suka rasa.

Shekara biyu Malam Boukari ya yi yana neman gida a unguwar Glenwood, yana ƙin duk wanda aka nuna masa. Na katako ne duka, shi kuwa ya rantse ba zai zuba iyalinsa a akwati ba. Da ya sami na bulo da siminti, irin wanda a can Damagaram sai mai hali ke ginawa, ya saye shi ko ciniki bai tsaya yi ba. Duk baƙon da ya zo sai ya sa shi ya doki bangon da tafin hannu ya ji.

Hunturun 2006 ne ya tona asirin bangon. Hita, na'urar ɗumama gida, tana aiki, bulo yana shanye zafin. Falo da dama-dama, don rana na dukansa. Ɗakin Oumaima kuwa yana arewa. Bangonsa gumi yake yi, fumfuna ta yi baƙi a bayan gadonta. Tarinta ya koma asma, sau biyu ana kai ta asibiti.

Daga makaranta Oumaima ta zo da takarda: gwamnati na gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi don su riƙe ɗumi, kyauta. Fassouma ta cike. Aka turo wata ma'aikaciya, Celina, ta huda bangon ta leƙa, ta ce ba rami a tsakiyarsa da za a cusa wani abu. Sai dai a manna masa allunan soso masu kauri daga waje, a yaɓe. Saura sa hannun mai gida, kafin Litinin.

"Soso?" in ji Malam Boukari. "A rufe mini siminti da soso? Kuma a ji a masallaci Boukari yana karɓar sadaka da ƙarfinsa?"

"Malam, yarinyar nan ba ta numfashi," in ji Fassouma.

"A ƙara mata bargo."

Oumaima ta ga uwarta ta ninke takardar ta soke a ɗaurin zane.

Kowace Lahadi bayan azahar abokan Malam Boukari kan zo shan shayi. Ran wannan Lahadin, tun da hantsi Fassouma ta kwarara wa kafet ɗin falo bokiti uku na ruwan sabulu. Ta sa Oumaima ta kama mata suka fitar da gadon yarinyar, suka shimfiɗa tabarmi a ɗakin, kowace gab da bango.

"Mama, Baba zai yi faɗa," Oumaima ta ce da Turanci.

"Ya yi," ta amsa da Hausa. "Ɗauko tire."

Baƙi suka yi sallama, su huɗu, Alhaji Tassiou a gaba, dattijon da duk 'yan Nijar na unguwar ke jin maganarsa, cikin farar shadda.

Fassouma ta tare su. "Sannunku da zuwa, Alhaji. Falo a jiƙe yake, na yi wanki. Bismillah, ga ɗaki."

Malam Boukari ya dube ta. Ta dube shi, ba ta sunkuyar da kai ba. A gaban baƙi, dole ya wuce da su ɗakin.

Suka zauna yadda maza ke zama, ƙafa a miƙe, baya a jingine. Malam Boukari ya ɗora buta a kan ƙaramin risho. Shayi kuwa zagaye uku ne, kuma ba a tashi kafin na uku sai in raini ake nufi. Oumaima na daga bakin ƙofa riƙe da tiren gyaɗa.

A kofin farko ana ta raha. Seydou direban tasi ya doki bangon ya ce, "Mai gidan siminti! Mu 'yan akwati mun zo gaisuwa." A na biyu hira ta fara tsinkewa, Seydou ya cusa hannuwansa a hammata, wani ya ja hularsa har kunne. Malam Boukari yana ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa don kumfa, bai dubi kowa ba. Kafin na uku ya nuna, ba a jin komai sai tarin Oumaima.

Alhaji Tassiou ya shanye nasa, ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Bayan shaddarsa ya jiƙe, ya yi baƙi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ya shafa, ya dubi hannunsa.

"Boukari, sito ne nan?"

"Ɗakina ne, Baba Alhaji," in ji Oumaima.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Fassouma ta shigo, ta durƙusa, ta ajiye takardar da biro a kan tire, kusa da kofuna.

"Alhaji, a duba a gaya masa ko sadaka ce."

Alhaji ya sa tabarau ya karanta a hankali. "Wannan? Bara aka yi wa nawa rufin. Harajin da ake yanka maka duk sati, ina kake zaton yake zuwa?" Ya miƙa masa biron. "Ni dai ba zan tafi gida da wannan rigar a banza ba."

Malam Boukari ya sa hannu. Ya danna biron har takardar ta huje.

Kwana tara bai yi wa Fassouma magana ba, ita ma ba ta nema ba. Tana ajiye masa tuwo ta wuce. Cikin watan Maris ma'aikata suka zo da allunansu. Ran nan ya ƙi zuwa aiki, ya tsaya a kansu, yana nuna musu inda suka bar tazara. Da suka iso bangon arewa, Oumaima ta ji ya ce wa shugabansu, da Turancinsa mai gargada, a ninka na nan, don tun shekarar farko nan ya fi ko'ina sanyi.

A nan Oumaima ta gane cewa babanta ya daɗe da sanin sanyin ɗakinta. Abin da ya kasa jurewa shi ne wasu su sani.