Igiya Guda, Gona Biyu

Kalilu ya jefa igiyar a gaban Safiyatu, jiƙe da lakar fadama. Tana cikin takabar ƙanensa Attahiru, ba ta fita, don haka a bayan idonta aka raba gonar shinkafar da 'yan'uwan biyu suka gada a Gulma.

"Gaba ɗari ce cif," in ji shi. "Ita ta kewaye tawa, ita ta kewaye ta marayunki. Dattawa sun shaida. Taku ma ta ɗara tsawo, arba'in da bakwai. Tawa talatin kacal."

Dattawan biyu da ya kwaso suka gyaɗa kai. Haka aka saba awo a nan, a zagaya da igiya a kafa turaku, kuma ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke tsakiya.

Safiyatu kuwa ɗinki take yi, ta san yadda kalmasa ke zagaye zane. A ƙarƙashin hijabi ta shiga lissafi da yatsu. Tsawo biyu, casa'in da huɗu. Saura shida. A raba biyu. Uku. Ta sake, ko ta yi kuskure. Uku dai. Ta juya kan ta Kalilu: sittin, saura arba'in, faɗi ashirin. Yara huɗu za ta ciyar da wannan siririn abu har wata damina.

"Yaya," ta ce, "faɗin tamu fa?"

"Mi kika ce?"

"Faɗin. Gaba uku nike gani."

Ɗaya dattijon ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

"Uwar Nazifa," in ji Kalilu, "ƙasa ba ta bushe bisa kabarin mijinki ba, har kin fara ƙirga gona? Ni za ki kira azzalumi?"

Tsoro ya kama ta, don a gidansa take zaune, rijiyarsa take sha. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri. Wallahi ita ce ta ba da haƙurin.

* * *

Ta fita takaba ruwa ya riga ya sauka. Ta sayar da tunkiyarta a kasuwar Argungu, ta ɗauko Tamba mai shanun huɗa. Nazifa, babbar 'yarta, na biye da ƙwaryar iri a ka.

Gonar ta miƙe a gefen faffaɗar gonar Kalilu kamar hanyar rafi. Tamba ya ja kunya ɗaya har ƙarshe, sai ya tsayar da shanun. Ya duba dama, shukar Kalilu ce kore shar. Ya duba hagu, kwari ne cike da ruwa.

"Baiwar Allah, ba wurin juyawa," ya ce. "In suka taka ta Kalilu, ya ce kotu za mu."

Ya kwance garmar, ya kora shanunsa ta bakin kwarin.

Safiyatu ta karɓi fartanya daga hannun Nazifa ta duƙa. Yarinyar ta sauke ƙwaryar, ta dubi gonar, ta fara kwashe rabin irin tana zubawa a bakin zanenta.

"Inna, wannan mu dafa."